Igiyar Akwatin Mairama

Duk wanda ya taɓa zama a unguwarmu ta bakin kogin Komadugu, cikin garin Diffa, ya san Lado, don shi ke fita da awakinmu kiwo. Tun rana ba ta gama fitowa ba zai bi lungu-lungu yana wani ɗan kira da harshe, kowace mace ta buɗe ƙofa ta koro nata, da yamma kuma ya dawo da su ciki taf, kowace akuya ta shige gidansu ba sai an nuna mata ba. Dogo ne siriri, rawaninsa ya koɗe har ba ka iya cewa ga launin da aka saye shi da shi, kuma magana wuya take yi masa. Ni Kellu, katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Sana'ata niƙa tattasai da sayarwa. Da yake ni Babarbariya ce shi Bafillace, akwai wasa tsakaninmu tun kaka da kakanni, saboda haka ina gaya masa abin da matarsa ma ba ta iyawa. Na kuwa gaya masa da yawa.

Ba da awaki ya tashi ba. Matarsa Inna, wadda ke zuwa taya ni tsince tattasai, ita ta ba ni labarin guntu-guntu, yau kaɗan gobe kaɗan. Jajayen shanu gare shi masu dogayen ƙahoni, yana yawo da su tsakanin Tumur da bakin kogi. A shekarar da aka watse, dubu biyu da sha biyar, ƴan bindiga suka tare shi da rana tsaka suka kore garken kaf, suka bar shi da sanda. Ya kwaso Inna da ɗansu na fari, Sufyan, suka zauna a Assaga bakin kwalta cikin bukkar zana da leda, inda yaron ya ci gaba da lakwal, wato makarantar boko, a wata rumfa da aka kafa wa ƴaƴan waɗanda suka gudo. Daga baya suka shigo gari, matan unguwa muka ba shi kiwon awaki. Mutumin da ya saba tafiya gaban shanu, yanzu ga shi bayan akuyar Kellu yana hana ta shiga lambun mutane. Bai taɓa cewa aikin ya yi masa kaɗan ba, akuya kuma ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba.

Mutane da yawa sun rasa dukiya a wannan shekara. Mu ma gonar tattasan mijina tana can inda har yau ba a zuwa. Amma abin da ke cin Lado ba garkensa ba ne. Saniya ɗaya ce, ana ce mata Saye, kuma ba tasa ba ce.

Fulanin ƙasar nan suna da wata al'ada da suke kira habbanaye. Mutum zai kamo karsana daga garkensa, ya ɗaura mata igiya, ya miƙa wa amininsa. Amini ya yi kiwonta, ya sha nononta, in ta haihu maruƙan nasa ne, sa'an nan ya maida uwar ga mai ita. Sai dai saniyar habbanaye ta fi taka daraja. Ita ke fara shan ruwa a rijiya, ba a dukanta, in ciyawa ta yi ƙaranci taka ce za ta kwana da yunwa. Wanda ya maido ta da ƙiba, sunansa ya yi kyau har jikoki. Wanda ta salwanta a hannunsa kuwa, ko ba laifinsa ba ne, shi ya san abin da yake ji. Saye ta wani aminin Lado ce, Zubairu, wanda ke zaune arewa da Tumur, kuma har da ita aka kore.

Inna ta ce da ƙura ta lafa Lado ya taka har rugar Zubairu ya gaya masa. Zubairu ya ce Allah ya bayar Allah ya karɓa, ya dafa masa shayi, ya kawo wata hira. Bai sake ta da maganar ba. Ni da na ji haka cewa na yi ai shi ke nan, an yafe. Inna ta girgiza kai ta ce da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi. Tun daga ranar Lado ya daina shiga kasuwar shanu. Ranar Talata, ranar kasuwar Diffa, Fulani na tururuwa daga ko'ina, shi kuwa sai ya kora awakinmu ta bayan gari don kada ya haɗu da wanda ya san shi.

Ana nan, wata rana da kaka ina shanya tattasai a ƙofar gida, sai ga wani dattijo ya yi sallama a gidan Lado. Zubairu ne. Bayansa wata yarinya ce doguwa mai ƙananan kitso, ƴarsa ta fari, Mairama. Ta ci jarrabawar birbe ta gama ƙaramar sakandare, wajensu kuwa babu lise, wato babbar sakandare, dole ta sami gidan da za ta zauna a Diffa har ta kai ga bak, jarrabawar da ke buɗe ƙofar jami'a. Zubairu yana da suruki ma'aikaci a cikin gari, mai gidan siminti da lantarki. Ya tsallake shi ya zo gidan ƙasa na mai kiwon awaki.

Da akwatin ƙarfe yarinyar ta zo, makullinsa ya lalace, an ɗaure shi da igiyar shanu irin wadda ake tufkawa da hannu. Zubairu ya sauke akwatin, ya kwance igiyar, ya naɗe ta, ya miƙa wa Lado. Ya ce, "Na kawo maka." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Lado ya karɓa da hannu biyu. Ni ban gane komai ba sai da Inna ta raɗa mini cewa haka ake miƙa habbanaye.

Na ce, "Ƴar mutum ce fa, ba karsana ba."

Ta ce, "Ke kika san haka. Shi an sake ba shi amana ne bayan ta farko ta salwanta a hannunsa. In wannan ma ta lalace, ban san inda zai sa kansa ba."

Tun daga nan na ga kiwo irin wanda ban taɓa gani ba. Lado bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma ya san dabba mai lafiya, kuma da wannan idon yake duban yarinyar. Da safe in za ta lise sai ya tsaya yana kallon tafiyarta har ta sha kwana. In ya ga tana jan ƙafa, ran nan Inna ta shiga uku da tambaya. Ya taɓa sa Inna ta duba masa cikin idon yarinyar ko jini ya yi ƙasa. In an samu nono, Mairama ce ke fara sha. Ba a aikenta famfo, ba a ɗaga mata murya. Fitila mai caji ɗaya ce a gidan, kuma tana gabanta. Sufyan, da suke aji ɗaya da ita, a ƙarƙashin fitilar bakin masallaci yake bita, sauro na cinsa. Ita kanta yarinyar abin na damunta, don ba raguwa ba ce, a ruga ta tashi, ta saba ɗaukar tulu da tatsa. Takan ce, "Baffa, ka bari in yi, ba ciwo nake ba." Sai ya ce, "Je ki ga takarda."

Ni wannan bai yi mini ba, ban kuma ɓoye ba. Na san Bafillace ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya ma nuna ya san da shi a gaban mutane. Kunya suke ce wa abin. Lado "kai" yake ce wa Sufyan, in kuma yana ba da labarinsa ya ce "wancan". To, kunya daban, wariya daban. Na sha leƙawa ta katanga in ce, "Bawana, yaron nan tsintarsa ka yi a hanya?" Sai ya ce, "Babarbariya, tattasai ya hau miki kai," ya ci gaba da abin da yake yi.

A shekararsu ta ƙarshe, ana cikin sabon shiga aji, kogi ya cika ya karya shingen buhunan yashi ya shigo mana unguwa. Kowa na ta kansa. Ina fama da buhunan tattasai sai ga Lado ya fito, ruwa iya gwiwa, akwatin Mairama a ka, ya wuce da shi har tudu wajen kwalta. Sai da ya ajiye shi a busasshen wuri ya dawo neman tabarmi da tukwane. Kafin nan littattafan Sufyan sun jiƙe sun kumbura. Yaron ya shanya su a gefen kwalta shafi-shafi, ya danne da duwatsu, wasu tawadar ta riga ta gudu. Ran nan na wanke Lado tas a gaban jama'a, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Sauran shekarar da littattafan Mairama su biyun suka yi karatu.

Da farkon damina aka zauna bak. Mu a nan, ranar faɗin sakamako taruwa ake yi a filin lise, shugaban masu gyaran jarrabawa ya tsaya a baranda da lasifika yana kiran sunaye. Da farko waɗanda suka ci kai tsaye. Bayansu waɗanda suka kusa, da za a sake gwada su a zagaye na biyu bayan ƴan kwanaki. Wanda bai ji sunansa a ko ɗaya ba sai baɗi, in iyaye na da ƙarfin baɗin. Lado ya ce ba za shi ba, awaki ba su san bak ba. Ni da Inna muka raka yaran.

In ba ka taɓa tsayawa a filin nan ba, ba ka san tashin hankali ba. Jama'a maƙil, amma ko tari ba ka ji. Ana kiran suna sai wani gefe ya ɓarke da guɗa, a wani gefen kuma wata ta sulale ƙasa a yi ta yayyafa mata ruwa. Can sai muka ji an ce, "Sufyan Lado." Na rangaɗa guɗar da ta bar ni da dusasshiyar murya har washegari. Inna, da yake ɗan fari ne, mayafi kawai ta ja ta rufe fuska, amma hannuna da ta riƙe sai da ya yi shati. Muka ci gaba da kasa kunne. Aka gama na farko babu Mairama. Sai cikin ƴan zagaye na biyu aka kira ta. Lissafi ne ya ja ta baya.

Kafin mu kai gida labari ya riga mu. Maƙwabta suka cika ƙofar Lado, wasu da goro wasu da dabino, aka shimfiɗa tabarma. Ɗan mai kiwon awaki, wanda ya yi karatu a rumfar Assaga, ya ci bak zama ɗaya, wa zai ƙi zuwa barka? Da la'asar sakaliya Lado ya shigo da awaki, ya raba su gida-gida kamar kullum, sa'an nan ya tsaya ya dubi taron. Limamin unguwa ya ce, "Malam Lado, barka, yaronka ya ci." Ya ce, "Madalla." Ya juya ga Inna ya ce, "Ƴar mutane fa?" Aka gaya masa. Sai ya ce wa jama'a su yi haƙuri, Allah ya saka da alheri, amma yau ba a barka a gidan nan. Da hannunsa ya naɗe tabarmar. Sufyan yana tsaye jikin bango cikin rigarsa ta Salla, yana kallo.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na bi shi har cikin gida ko sallama babu.

Na ce, "Lado, kai wane irin mutum ne? Ɗanka ya fid da kai kunya a gaban gari, ka kori mutane kamar sata ya yi."

Ya ce, "Ya Kellu, in saniyar mutane tana kwance, ba ka kiɗa don taka ta tashi."

"Ba saniya ba ce, ba ta kuma kwanta ba. Zagaye na biyu za ta."

"To, in ta tashi a yi."

"In ba ta tashi ba fa? Wahalar yaron ta tafi a banza ke nan?"

Ya kai hannu ya taɓa igiyar nan da ke rataye a bakin ɗakinsa tun ranar da aka kawo ta, ya shige ciki.

Na ce ai ɗa na kowa ne. Na janye mutanen zuwa gidana, na sa aka yanka zakaru, na dafa shinkafa da tattasai har ido na ruwa, na tsayar da ƴammata daidai jikin katangar su yi ta guɗa don ya ji da kyau. Amma wanda ake taron dominsa loma kaɗan ya yi ya miƙe. Na tare shi a ƙofa na ce ya bar tsohon nan da halinsa, yau ranarsa ce.

Ya ce, "Ya Kellu, ki bar shi. Ni na san Saye. Ranar da aka kore shanu ina wurin. Bai yi kuka don namu ba, sai da ya tuna tana cikinsu." Ya ɗauki takalminsa ya ce, "Mairama na ciki tana kuka, kuma lissafi ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, gara mu fara yau."

Ya bar ni tsaye da ludayi a hannu. Haushi bai sake ni ba, amma yaron ya ƙara girma a idona.

Kwanakin da suka biyo, ƙofar gidana ta langa-langa ce ta zama allo. Sufyan ya samo alli, suka zauna a ƙarƙashin darbejiyar da ke gabanta tun safe har rana ta faɗi, ya rubuta ya goge, ta rubuta ta goge. Mai sayen tattasai in ya zo sai ya jira a gama lissafin da ke kan ƙofar kafin a buɗe masa. A makon ne sabon ruwa ya iso kogi bayan ya daɗe a bushe, gari duk ya tafi kallo, yara na gudu gabansa, amma su biyun ko tashi ba su yi ba. Wata rana da Sufyan ya tafi salla, Mairama ta ajiye allin ta ce mini, "Goggo, ba faɗuwar nake tsoro ba. In na faɗi babana zai ce Allah bai nufa ba. Baffa ne ba zai sake ɗaga kai ba." Na ce mata ta bar ɗaukar kayan tsofaffi, ta ji da na kan ƙofa. Na faɗa ne kawai, don ni ma na ga yadda Lado ya zube, Inna na fitowa da kwanonsa yadda ta shiga da shi.

Ranar faɗin sakamakon zagaye na biyu ya sake cewa ba za shi ba, ya kora awaki ya fita. An ce mana da hantsi. Hantsi ya wuce, azahar ta wuce, masu gyara ba su fito ba. Muna zaune a inuwar wani aji sai na ji kukan akuya a bayan katangar lise. Na san muryar nan, baƙar akuyata ce mai tsagaggen kunne. Na tashi na leƙa ta ƙofa. Ga Lado tsaye da awakin unguwarmu kaf, a tsakiyar gari inda babu ko tsinken ciyawa, suna cin takardun da iska ta tara a gindin katanga.

Na ce, "Bawana, nan ne makiyaya yau?"

Ya ce, "Hanya ce ta biyo da mu."

Mai gadi ya ce shi mutum zai bari ya shiga, ba garke ba. Na ce wa Lado ya shigo mana, awaki ba inda za su. Ya dube ni ya ce, "Na mutane ne." Na ce har da nawa a ciki, na kuwa yafe. Ya ce sauran matan ba su yafe ba. Haka ya tsaya a waje, amana ɗaya a cikin fili, wata a gabansa, ya kasa barin ko ɗaya. Daga inda yake kuwa muryar lasifika ba ta kaiwa da kyau, ga kukan awaki ga ƙarar motoci.

Sufyan ne ya ga abin da ake ciki. Ya kama reshen wata bishiya ya ɗare kan katangar, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Jim kaɗan aka fito aka fara kira. Ni ina bakin ƙofa, ina duban Mairama da ke maƙale jikin Inna, ina juyowa ina duban Lado. Ya dogara da sandarsa, ya ɗaga kai ya kafa wa yaron nan ido, yaron da ban taɓa ganin ya dube shi a gaban mutane ba. Sunaye suna ta wucewa. Takardar hannun mai kiran ta kusa ƙarewa. Sai aka ce, "Mairama Zubairu."

Sufyan ya miƙe tsaye a kan katangar ya ce da ƙarfi, "Baba, ta ci."

Lado bai motsa ba. Sandar ce ta fara faɗuwa. Sa'an nan ya durƙusa a tsakiyar awaki, ya ja rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Da ya ɗago, yaron na nan tsaye a bisa yana ta ɗaga wa Mairama hannu, katangar kuwa doguwa ce. Sai na ji ya ce, "Sauko, Sufyanu. Sauko a hankali kada ka faɗi."

Shekara da shekaru ina zaune da mutanen nan, ran nan na fara jin sunan a bakinsa. Yaron ma ya ji. Ya sauko ya ɗauki sandar ya miƙa masa, suka kora awakin tare zuwa bakin kogi, don tun safe ba abin da suka ci sai takarda. Ni kam kuka na yi, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Bayan wasu makonni saƙo ya shigo wayoyinsu. Mairama ta sami gurbi a jami'ar Damagaram, karatun aikin lafiya. Sufyan kuma a nan jami'ar Diffa, fannin noma da kiwo. Na ce wa Lado duniya ta zo ƙarshe tun da Bafillace zai zauna a kan benci a koya masa kiwo. Ya yi dariya har na ga wushiryarsa, abin da ban san yana da ita ba. Amma barka har lokacin bai yarda an yi ba. Ya ce sai ya maida amana.

Talatar da ta biyo ya bar wa Sufyan awaki. Ya sa wata shuɗiyar riga da ta daɗe a ƙasan jaka, ya sauko da igiyar, ya ce wa Mairama ta biyo shi. Ina rumfata a kasuwa na ga sun wuce sun nufi wajen shanu. Na bar wa maƙwabciyata kaya na bi su, don wannan ba abin da zan yarda a ba ni labari ba ne.

Ya shiga kasuwar shanu kansa a ɗage. Waɗanda suka san shi a da suna ta juyowa suna taɓa juna. Zubairu yana zaune da dattawa a wata rumfa, butar shayi a kan wuta. Aka yi gaisuwar nan tasu mai tsawo, ido a ƙasa, a tambayi gida, a tambayi dabbobi, a tambayi ruwa, a sake dawowa kan gida. Mairama ta durƙusa can gefe. Uban ko dubanta bai yi ba, ita ma ƴar fari ce, amma na ga carbin da yake ja ya tsaya. Da Fillanci suka yi maganar, sai dai wadda ta yi maƙwabtaka da Inna ta ji Fillanci ko ba ta so.

Lado ya ce, "Zubairu, ga abin da ka kawo mini. Ba ta rame ba, ba ta yi ɗingishi ba. An ba ta wuri a Damagaram."

Zubairu ya ce, "Na ji a bakin mutane. Na kuma ji wanda ya koya mata lissafi a ƙofar Babarbariya. Ka haifi ɗa, Lado." Ya juya ga dattawan ya ce, "Ku shaida. Uwa ake maidowa, abin da aka samu a hannun mai kiwo nasa ne. Yarinya tawa ce, karatun nan na Lado ne. Mai barka ya je ƙofarsa, ni ma can za ni."

Dattawa suka ce haka al'ada take. Lado ya miƙa igiyar da hannu biyu, yadda ya karɓe ta. Zubairu bai karɓa ba. Ya zuba shayi ya ajiye a gabansa.

Ya ce, "Riƙe ta. Ƙanenta Bilal zai zauna birbe baɗi, shi ma akwatinsa ba makulli."

Lado ya daɗe da igiyar a hannu. Sa'an nan ya rataya ta a kafaɗa, ya ɗauki shayin ya shanye, ya miƙe ya shiga cikin shanu, ya shafa wannan ya duba haƙoran waccan, yana gardama da dillalai a kan karsanar da ba shi da niyyar saya. Sai da aka kira la'asar na samu na janyo shi, don mutane sun riga sun fara taruwa a ƙofarsa. Wannan karon shi da kansa ya shimfiɗa tabarmar.